Tutar da Aka Ɗinka a Dilimi

Zuwaira ta turo hoto da asuba,
ta ce, "Baba, ka ɗinka wa jikarka wannan,
za su yi ranar tuta a makaranta."
Na ce, ƙasar da ke ƙera jirgi
tela ne ya gagare ta?
Ta yi dariya. Can dare ne, nan ana kiran salla.

Na shimfiɗa yadi biyu a kan tebur,
kore a sama, wai dajin arewarsu,
rawaya a ƙasa, wai alkama in ta nuna.
Saskacewan.
Sau uku ina faɗa, harshena na tuntuɓe.
Ta ce sunan kogi ne a bakin mutanen farko,
ruwa mai saurin gudu.
To, ai Dilimi ma rafi ne
kafin ya zama sunan layi.

Garkuwar ce ta ci mini kwana biyu.
Jan zaki, ƙafa ɗaya a ɗage,
dami uku na alkama a ƙarƙashinsa.
Dalyop mai faci ya leƙo, hannu duk baƙin mai,
ya ce, "Akwai zaki a cikin ƙanƙara?"
Babu, in ji Zuwaira, aro ne daga gidan sarautar Ingila.
Mai ƙasar tun fil'azal ɓauna ce,
garke bayan garke, in sun taso ƙasa na rawa.
Aka yi ta harbi har fili ya yi tsit,
aka tsince ƙasusuwa, aka loda wa jirgin ƙasa.
Birnin da take aikin jinya ma,
sunansa na da, Tarin Ƙashi.

Na ɗage ƙafa daga keke.

Ta ce an yanka wa lardin cibiya a alif ɗari tara da biyar.
Ba a jima ba kakana ya hau tudun nan,
kwanon kuza a ka, sanyin Bukuru a ƙirji,
shi ma jirgin ƙasa ya yi wa lodi.
Gadon da aka bar mana kududdufai ne,
kore shar, masu haɗiye yara da damina.
Shekara arba'in ina ɗinka bajon makarantu,
ba a taɓa kawo mini mai hoton kududdufi ba.
Tambari kamar hoton biki ne,
mai tabo a fuska yakan juyo da ɗaya kuncin.

Saura furen.
Ja ne mai ratsin lemo, kunne shida,
wai doka ta hana a tsinke shi a daji.
Na zaga Taminus, na zaga Kwararafa,
ban samu launin ba.
Da dare na buɗe akwatin marigayiya,
ga shi nan a gefen zanen da ta ɗaura ranar sunan Zuwaira.
Almakashi ya daɗe a hannuna.

Suna da kirari, an rubuta da Latin:
ƙarfi daga al'ummai da yawa.
Mu ma muna da namu a jikin lambar mota.
Shekarar da hayaƙi ya rufe layin nan,
ba lambar mota ce ta ɓoye kekena ba,
Dalyop ne, a ƙarƙashin tsofaffin tayoyi,
wata huɗu, bai gaya wa ko matarsa ba.
Shi ya riƙe mini gefen yadin yau
ina kalmasa.

Gobe ɗan Malam Sabi'u zai tashi daga Abuja,
na naɗe ta cikin leda biyu.
Yarinyar za ta ɗaga ta a gaban aji,
ta lissafa: daji, alkama, zaki, fure.
Malama za ta ce daidai ne.
A cikin kalmasar, inda sanda ke shiga,
na saka harafi uku da farin zare.
Sai ranar da ɗinkin ya warware
za ta gani, ta tambayi uwarta.